Tsutsar zuciya da lissafin ƙungiyoyin riƙon karnuka a Louisiana

Bayan guguwar Katrina ta afka wa gaɓar tekun kudancin Amurka a watan Agustan 2005, an kwashi dubban karnuka da kuliyoyin da ruwa ya raba da masu su. An tara da yawa daga cikinsu a filin baje koli na Lamar-Dixon da ke garin Gonzales a jihar Louisiana, daga nan aka yi ta lodinsu a motoci da jirage zuwa wasu jihohi. Da Dakta Julie Levy ta Jami'ar Florida da abokan aikinta suka tattara sakamakon gwajin jinin karnuka kusan 2,000 cikin waɗanda aka fitar daga yankin, sai suka tarar kusan rabinsu na ɗauke da tsutsar zuciya. Ba ambaliyar ce ta sa musu ita ba, domin sai tsutsar ta yi kamar wata shida a jikin kare kafin gwaji ya iya gano ta. Da ita suke kwana suna tashi a gidajen iyayen gijinsu tun kafin ruwan ya zo.

Shekaru sun ja, amma lamarin yana nan kusan inda yake. Ƙungiyar likitocin da ke bin diddigin cutar, American Heartworm Society, wadda aka kafa a 1974, takan tattara alƙaluma daga asibitocin dabbobi duk bayan shekara uku. A binciken 2019 da na 2022 duka, Mississippi ce ta ɗaya, Louisiana na biye da ita. Ƙasa ce ta fadama da zafi, sauro ba ya ɗaukar dogon hutu, ga kuma gidaje da yawa da ba su da halin saya wa kare magani kowane wata.

A nan ne ƙananan ƙungiyoyin ceto masu dogaro da gidajen riƙo suke aiki. Irin wannan ƙungiya ba ta da gini, ba ta da ma'aikaci mai albashi, galibi ma ba ta da likitanta na kanta. 'Yan sa-kai ne kawai. Sukan je gidan tsare dabbobi na ƙaramar hukuma idan ya cika maƙil har an fara maganar kashe wasu, su fito da kare, su danƙa shi ga wani iyali ya riƙe shi a gida har a sami mai ɗauka na dindindin, sau da yawa a wata jihar ta arewa. Iyalin su ba da wurin kwana da kulawa, ƙungiya ta biya kuɗin asibiti. Kuɗin shigarta kuwa bai wuce gudummawar jama'a da abin da mai ɗaukar kare ya biya ba. Daga cikin wannan ɗan asusu ake yin allurar haukan kare, da tiyatar hana haihuwa, da maganin ƙuma, da ɗinkin wanda mota ta buge. Rigakafin tsutsar zuciya yana zuwa ne a ƙarshen layi, saboda shi ne kaɗai abin da in an tsallake shi yau, babu abin da za a gani gobe.

Abin da ƙwayar wata-wata take yi

Sauro ne ke yaɗa ta. Ya ciji kare mai ita, ya zuƙi 'ya'yan tsutsar da ke yawo a jini, su girma a cikinsa kwana 10 zuwa 14, sannan ya sauke su a fatar wani karen. Daga nan su ratsa tsoka su shiga jini, su je su zauna a jijiyoyin huhu da ɓangaren dama na zuciya. Babbar macen tsutsar takan kai tsawon santimita 30, kuma tana iya yin shekara 5 zuwa 7 a raye. Karen ya fara tari, ya riƙa haki daga ɗan gudu kaɗan, ya rame. In abin ya yi nisa ciki ya tara ruwa, zuciya ta gaza.

Mutane da yawa, har da masu riƙon, sun ɗauka ƙwayar da ake bayarwa duk wata tana zama a jiki ne tana tsare kare har wata ya zagayo. Ba haka ƙwayar rigakafin mai sinadarin ivermectin take aiki ba. Tsintsiya ce: tana share abin da sauro ya zuba a watan da ya wuce, ta fice daga jiki cikin 'yan kwanaki. Su kuwa 'ya'yan tsutsar, cikin kwana 51 kacal suna iya kai matakin da maganin ba ya kama su yadda ya kamata. To ka ga ke nan mantuwar wata ɗaya da 'yan makonni ta isa. Kuma ba za a san an yi ɓarna ba sai bayan wata shida, lokacin da wataƙila karen ya riga ya tafi New Jersey yana kwance a falon sababbin masu shi.

American Heartworm Society ta taɓa fitar da kiyasi a kan kare mai nauyin laba 40, wato kamar kilo 18: rigakafin shekara guda dala 70 zuwa 200, jinyar wanda ya kamu kuma dala 1,200 zuwa 1,800. Ƙungiyoyin ceto sukan sami rangwame a wurin likitocin da ke tausaya musu, amma ko da rangwamen, jinya ɗaruruwan daloli ce.

A ɗauka, don misali kawai, ƙungiya tana da gidajen riƙo 40, kowane gida da kare ɗaya. A kan wancan kiyasin, rigakafin shekara zai ci dala 2,800 zuwa 8,000. Ƙaramin adadin bai wuce kuɗin jinyar karnuka biyu ba. Sai dai wannan lissafin yana ɓoye wani abu. Gidajen ne 40, karnukan suna sauyawa. In kowane kare yana yin wata biyu kafin a ɗauke shi, karnuka 240 ne za su ratsa ƙungiyar a shekara. Ƙwayoyin da za a haɗiye suna nan a 480, amma gwajin jini ya zama na kowane sabon shiga da ya kai wata bakwai, ga kuɗin ganin likita, domin a Amurka ba a sayar da wannan magani sai da takardar likitan dabbobin da ya san karen. In kuma aka bi yadda masu kare na gida suke yi, aka saya wa kowane kare kwalin ƙwaya shida, huɗu za su bi shi sabon gidansa ko su kwana a durowar mai riƙo har wa'adinsu ya wuce. Ma'ajin da ya ce maganin ya yi masa tsada, in ya zauna da rasitansa, sau da yawa zai tarar ba ƙwayar ce ta cinye kuɗin ba. Hanyar sayen ce.

Kwalbar maganin shanu

Duk wanda ya daɗe a harkar ceton karnuka a kudancin Amurka ya san shawarar da ake raɗa wa sabon shiga: ka je kantin kayan gona ka sayi ivermectin na shanu. Sinadarin ɗaya ne da wanda ke cikin Heartgard, maganin rigakafin wata-wata na karnuka, tun da aka amince da shi a 1987. Mu ma a nan ba baƙonmu ba ne. Shi ne makiyaya ke yi wa shanu allura da shi, shi ne kuma Mectizan da ake rabawa a ƙauyuka don makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa da ciwon tundurmi, waɗanda tsutsotsinsu dangin wannan ta zuciyar kare ne. William Campbell da Satoshi Omura sun sami kyautar Nobel a 2015 saboda gano shi.

Lissafin kwalbar yana da jan hankali ƙwarai. Maganin shanun mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 yana da maikrogiram 10,000 a kowane mililita guda. Ƙwayar Heartgard ta kare mai laba 26 zuwa 50 kuwa maikrogiram 136 ce kawai a cikinta. Wato kwalba ɗaya mai mililita 50 tana ɗauke da abin da ya haura ƙwaya 3,600. Ƙungiyarmu ta misali za ta yi shekara bakwai ba ta ga gindin kwalbar ba, in da wa'adin maganin zai kai.

Matsalar tana cikin wannan arahar kanta. Abin da karen yake buƙata bai kai ɗigo ɗaya ba. Ɗigo guda daga bakin sirinji ya ninka shi sau uku zuwa huɗu. Sai an sirka shi, kuma ba ya gauraya da ruwa yadda ya kamata, sai da wani sinadari na daban, a hannun wanda ya san aikin. Awon da ya fi yawo a bakin mutane, kashi ɗaya cikin goma na mililita ga kowace laba 10, ya ninka awon rigakafi sama da sau 30. Yawancin karnuka za su shanye wannan su yi wasansu, shi ya sa masu ba da shawarar suke rantsuwa cewa sun shekara da shekaru suna yi ba abin da ya faru. Amma a 2001 Dakta Katrina Mealey ta Jami'ar Jihar Washington ta gano wani lahani na gado, a ƙwayar halittar da ake kira MDR1, wanda ke barin maganin ya kutsa ƙwaƙwalwa. Kusan kashi 70 cikin 100 na karnukan kiwo jinsin Collie suna ɗauke da shi, haka kusan rabin jinsin Australian Shepherd. Awon da ke cikin ƙwayar kamfani ba ya yi musu komai. Wancan awon na baki kuwa ya shiga iyakar da ke kayar da su: dalala, tangaɗi, makanta, karkarwa, har doguwar suma. Karen da aka tsinto a bakin titi kuma babu wanda ya san kakanninsa. Ƙari a kan haka, in jininsa cike yake da 'ya'yan tsutsa ba a sani ba, babban awo yana iya kashe su gaba ɗaya a lokaci guda, jikin karen ya rikice.

Ba wai haramun ne kwata-kwata ba. Wata dokar tarayya ta 1994 ta ba likitan dabbobi dama, a ƙarƙashin wasu sharuɗɗa, ya yi amfani da magani ba bisa abin da aka rubuta a jikin kwalbarsa ba, kuma akwai manyan gidajen dabbobi da suka dogara da sirkakken ivermectin. Amma dubi bambancin. A can mutum ɗaya ne, wanda aka horar, yake bin keji-keji da sikeli da sirinji da littafi a rana ɗaya. A ƙungiyar riƙo hannu 40 ne a ɗakunan girki 40, wata malamar makaranta ce, wani ɗan fansho ne da tabarau ya yi masa rauni, wata kuma jiya ta fara riƙo. A ganina wannan dabara ta gidan da ke da gini ce, kuma ƙungiyar riƙo da ta kwaikwaye ta ta ɗauki arahar ta bar sharaɗin da ya sa take aiki. In dole sai an yi, to likita ya haɗa, ya auna wa kowane kare nasa a sirinji mai suna da kwanan wata, kada kwalba ta taɓa shiga gidan mai riƙo.

Sauran gajerun hanyoyin ba su kai wannan tsayawa a kansu ba. Raba babbar ƙwaya gida biyu: kamfanin bai ba da tabbacin cewa maganin ya bazu daidai a cikinta ba. Yin oda daga Ostireliya, inda ake sayarwa ba takardar likita: hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda da shi ba. Dukansu kuma suna zubar da wani abu mai daraja, wato alkawarin da manyan kamfanonin suke yi na taimakawa da kuɗin jinya in kare ya kamu alhali ana ba shi maganinsu a kan kari. Wannan alkawari sai da shaidar saye da sakamakon gwaji.

Inda sauƙin yake

Komai yana farawa ne daga likita ɗaya da ya yarda ya zama likitan ƙungiyar a rubuce. Da lasisinsa, da kuma rajistar ƙungiyar a matsayin ta agaji wadda ba ta biyan haraji, ake buɗe asusu a wurin manyan dillalan magani a sayi kaya a farashin sari, da su ne kuma ake neman shiga tsarin rangwamen da kamfanoni irin su Zoetis da Boehringer Ingelheim suke yi wa masu ceton dabbobi. Ƙungiyar da ke yawo tsakanin asibitoci shida, kowane mai riƙo da nasa na kusa da gida, ba za ta taɓa samun wannan ba. Bayan haka sai a bar sunan da ya fi tashe a koma kan irin su Tri-Heart Plus da Iverhart Plus, waɗanda sinadarinsu da awonsu ɗaya ne da na Heartgard Plus, hukuma ta amince da su, kuɗinsu bai kai nasa ba. Haɗaɗɗun ƙwayoyin nan na zamani da ke kashe ƙuma da kaska da tsutsa a haɗiya ɗaya suna da daɗin sha'ani, amma ba na asusun da ke numfashi da ƙyar ba ne.

Sai rabo. Magani ya zauna a hannun mutum ɗaya, a jere bisa nauyi, a riƙa fitar da shi ƙwaya ɗaya-ɗaya. Rana ɗaya ga kowa, a ce 1 ga wata, ko yaushe karen ya shigo. Ranar nan kowane mai riƙo ya turo hoton fankon ledar a zauren wayarsu, wanda bai turo ba a kira shi washegari. Kwikwiyo kuma a ɗora shi a sikeli kafin a ba shi, domin wanda yake laba 22 a watan jiya yana iya tsallaka 25 a wannan watan, ƙwayar da ta ishe shi da ta gaza. Wannan aiki ba ya cin ko sisi, kuma a ƙungiyar da karnukanta ke warwatse a garuruwa ya fi kowane rangwame tasiri.

Akwai karnukan da ba sa tafiya da wuri: tsofaffi, manya baƙaƙe da masu ɗauka ke tsallakewa, da masu tsoron mutane. Su allura ta fi dacewa da su. ProHeart 6 tana tsarewa wata shida, ProHeart 12 kuma, wadda aka amince da ita a Amurka a 2019, shekara guda ga karen da ya cika shekara. A asibiti kawai ake yin ta, kuma da zarar an haɗa kwalbar ProHeart 12 sai an ƙarar da ita cikin mako takwas, don haka dabara ita ce a tara karnukan a kai su rana ɗaya. Ga karen da zai tafi cikin mako uku kuwa, allurar shekara kyauta ce aka yi wa mai ɗauka, sai dai in an sa kuɗinta a cikin abin da zai biya. Hakan ma ba laifi ba ne. Wanda zai ƙi ɗaukar kare saboda an ƙara masa kuɗin rigakafi, da wuya ya ci gaba da sayen maganin bayan ya kai shi gida.

Gidauniyoyi irin su Maddie's Fund da Petco Love da PetSmart Charities suna ba da tallafi, amma tallafi na zuwa ya wuce, sauro kuwa yana nan kowane wata. Abin da ya fi ɗorewa shi ne ƙananan masu bayarwa na wata-wata, domin dala goma ta rigakafin kare ɗaya abu ne da mutum zai iya ɗauka bai ji a jikinsa ba. Wahalar ita ce jama'a sun fi buɗe aljihu ga hoton kare mai ciwo fiye da na kare mai lafiya da ake so ya zauna lafiya. Wasu masu riƙon ma da kansu suke saye. A 2011 Kotun Haraji ta Amurka, a shari'ar Van Dusen, wata mata mai riƙon kuliyoyi a Oakland ta jihar Kalifoniya, ta yanke cewa abin da mai riƙo ya kashe saboda ƙungiyar agaji ana iya cire shi daga kuɗin da za a yi wa haraji. Sai dai duk kashewar da ta kai dala 250 sai da takardar shaida daga ƙungiyar, kuma rashin wannan takarda ya sa matar ta rasa wani ɓangare na abin da ta nema. Rubuta irin wannan wasiƙa aikin minti biyar ne ga sakatare.

Wanda ya shigo da ita

Duk wannan tsari bai hana abin da ya fi cin kuɗi ba, domin a Louisiana karnuka da yawa da cutarsu suke fitowa daga gidan tsarewa. Jinyar da American Heartworm Society ta shimfiɗa doguwa ce. A fara ƙwayar rigakafi nan take, tare da doxycycline na kwana 28 don kashe wata bakteriya mai suna Wolbachia da tsutsar ke rayuwa da ita. A rana ta 60 a yi allurar melarsomine ta farko, magani mai sinadarin arsenik, can cikin tsokar gadon baya. Ta biyu da ta uku a rana ta 90 da ta 91. Allura ukun suna kashe kusan kashi 98 cikin 100 na tsutsotsin. Amma matattun ba su da hanyar fita. A jijiyoyin huhu suke ruɓewa, kuma in zuciya ta buga da ƙarfi gutsattsarinsu na iya toshe hanyar jini. Saboda haka karen yana cikin keji, ba ya fita sai da igiya a wuya ya yi bawali ya dawo, har mako shida zuwa takwas bayan allurar ƙarshe. A ce kare ne ɗan shekara biyu mai jini a jika, a gidan da yara ke guje-guje, ga mai kawo saƙo yana buga ƙararrawa. Ba kowane mai riƙo ne ke yarda ya sake yi karo na biyu ba.

Wannan ita ce asarar da ba ta fitowa a littafin ma'aji. Kusan wata biyar gida ɗaya yana toshe, gidan da a lissafinmu na baya zai fitar da karnuka biyu a wannan tsakanin. Shi ya sa wasu ƙungiyoyi suke miƙa karen ga wanda zai ɗauke shi tun kafin a fara allura, shi ya yi zaman jinyar, su su biya likita. Wasu kuma sukan koma ga kisan sannu-sannu, wato rigakafin wata-wata da doxycycline ba tare da melarsomine ba. Ya fi araha a yau, amma yana iya ɗaukar shekara ko fiye, tsutsar na ci gaba da ɓata huhu, takunkumin gudu kuma yana nan duk tsawon lokacin. Ƙungiyar likitocin ba ta goyon bayansa sai inda allurar ba za ta yiwu ba. A 2021 Greater Good Charities da Boehringer Ingelheim suka fara shirin Save a Heart, suna ɗaukar karnuka masu tsutsar waɗanda ba su fara nuna alama ba a jirgi daga Louisiana zuwa inda ake da wuri da masu ɗauka, tare da maganin jinyarsu. Ya rage nauyi, amma bai kai ga kowace ƙaramar ƙungiya ba.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da wannan yanki. A kwarin kogin Mississippi na ƙasa an tabbatar da irin tsutsar da ta fara jure wa waɗannan magunguna. Har yanzu yawancin karnukan da suka kamu alhali an ce suna kan rigakafi, in aka bi tarihin sayen maganinsu, akan tarar da giɓi. Duk da haka likitoci a can suna ƙara ba da shawarar a haɗa da maganin korar sauro da ake ɗiga wa kare a fata, wasu kuma sun fi karkata ga wani sinadarin rigakafin mai suna moxidectin, wanda gwaje-gwaje suka nuna ya fi kama masu jurewar. Kowannensu ƙarin kuɗi ne, kuma likitan ƙungiya ne ya kamata ya yanke wane kare ya cancanci wanne.

Saura ranar miƙa kare. Sakamakon da ya nuna babu cuta ranar shigowa bai ce komai ba game da cizon da aka yi masa wata uku kafin nan. Dole a sake gwaji bayan wata shida, kuma a lokacin karen na hannun wani, wataƙila a jihar da likitoci ba su saba ganin cutar kullum ba. Don haka takardar miƙawa tana buƙatar ranar gwajin farko, da sunan maganin, da ranar da aka ba shi ƙwayar ƙarshe, da ranar da za a sake gwaji, da kuma bayani ƙarara a kan wanda zai biya in sakamakon ya juya. A haɗa masa da ƙwaya ɗaya ta watan gaba a cikin ambulan, domin sabon mai kare yakan yi makonni kafin ya sami ganin likita.